Kitson Bayan Kunne

Yayata mai kitso ce, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannunta a zaune ba. Ko hira ake yi, in babu kai a gabanta, za ka ga yatsunta sun kama bakin zane suna tufka shi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma Allah bai haɗa mu hali ba. Ita sai ta wuni ba ta yi maganar da ta cika cokali ba, ni kuwa tun muna yara ta laƙa min Rediyo, sunan ya bi ni har gidan miji. Zannuwan gado da labule nake sayarwa, kuma wayata ita ce shagona. Tata wayar 'yar ƙarama ce mai maɓallai, a cikin tsohon gwangwanin man kitso take ajiye ta. In ta yi ƙara sai ta ce wa wadda ke kusa, "Duba min, hannuna da mai."

Shagonta wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai wankin hula. Madubi ɗaya ne a ciki, shi ma ya tsage ta gefe. Sai benci, sai matashin da masu kitso suka zauna a kai har ya baje, sai fankar da kukanta ya fi iskarta yawa. A ɗakin nan ta ciyar da 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, wanda yake gyaran injin niƙa. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Abin da kawai na san tana yi shi ne, in an tashi, ta tsoma hannuwanta a ruwan ɗumi ta lumshe ido.

Abu uku ne kowa ya san ta da su. Na farko, bahaguwa ce. Mahaifiyarmu ta yi faɗa har ta samu ta koma cin abinci da dama, amma kitso ya ƙi barin hagu, shi ya sa kitsonta yake kwanciya ta ɓangaren da na sauran mutane ba ya bi. Na biyu, ba a tashi daga gabanta da rabin kai. Ko gobara ake a maƙwabta, sai ta ƙarasa. Na uku shi ne ɗan rakiya. Akwai wani ɗan gajeren gashi mai laushi a bayan kunne, wanda masu kitso suke fizgowa su cusa cikin babban kitso, shi ya sa za ka ga mata da yawa wurin ya zama fili. Yaya ba ta jan sa. Sai ta gama kai kaf, sannan ta ware shi ta yi masa nasa ɗan siririn kitso a bayan kunnen hagu, ta lanƙwasa jelarsa ta soke a ciki, ba zare ba wuta. Na daman kuma ta kwantar da shi da mai. Na tambaye ta dalilin bambancin, ta ce hagu ne ya fi kusa da hannunta. Duk wadda ta ji yatsun Yaya a bayan kunnenta ta san an gama, sai ta fara laluben takalmi.

Cikin 'ya'yanta, Auta ce kaɗai ta ɗauki sana'ar. Sauran da sun ga mataji sai su tuna suna da aikin makaranta. Auta da dama take komai, amma da yake a gefen uwarta ta tsaya ta koya, kitsonta ya fito na bahaguwa sak, har da ɗan rakiyar. Da ta girma ta auri wani yaron kirki mai tuƙa manyan motoci a wata ƙasa mai nisa, ya tafi da ita. A can ma kitson take yi a falonta, matan unguwa na zuwa. Nata kan kuwa ba ta yarda kowa ya taɓa. In suna waya sai ta ce, "Umma, tufka kawai nake yi in ɗaure, ina jiran ki."

Cikinta na fari bai zo da rai ba. Mijin yana kan hanya da mota, ita kaɗai ce a asibiti cikin mutanen da ba ta gama jin yarensu ba. Ina shagon ranar da labarin ya zo. Ni na riƙe wa Yaya wayar a kunne, don hannunta da mai. Ta saurara, ta ce, "To. Allah Ya sa mai ceto ne. Ki ci abinci." Ta ci gaba da kitson da take yi har ta kai ɗan rakiya, matar ta tashi ta tafi, sannan ta shiga bayi ta rufe ƙofa. Ta daɗe a ciki, kuma famfo na ta zuba.

Da aka samu ciki na biyu, likitoci suka ce aiki za a yi, suka sa rana. Tsoro ya kama Auta har ba ta iya barci. Ni na ji da kunnena tana cewa a waya, "Umma, ni dai kada a shiga da ni ɗakin nan ban ga fuskarki ba. Jikina yana ba ni ba zan fito ba."

Yaya ta ce, "Rufe min baki. Ki tsefe kanki ki wanke, ina zuwa in yi miki kitso."

Wanda ya san Yaya ya san wannan rantsuwa ce. Matar da ba ta taɓa shiga jirgi ba, ko tashar mota ba ta son zuwa, ita ce ta je aka ɗauki hotonta, ta bi layi, ta dangwala yatsa a duk inda aka ce. Ni aka zaɓa in raka ta saboda na iya waya kuma ina ɗan taɓa turanci. Komai na zuba shi a wayata: tikiti, lambar Auta, lambar mijinta, sunan asibiti, da kwatancen sabon gidan da suka koma. Tata wayar ta bar wa masu taya ta aiki a shago, wai kada masu kitso su kira su ji shiru. Ana gobe za mu tafi ta zaunar da ni ta yi min kitso, ta ce ba za ta shiga ƙasar mutane da ƙanwa mai kai kamar sheƙar kaza ba.

Mun tsara mu isa da sauran kwanaki a hannu. Jirgin farko lafiya lau, Yaya ta riƙe hannun kujera har muka sauka, ko ruwa ba ta sha ba. A filin jirgin da za mu canja ne abin ya lalace. Muna zaune sai duk allunan da ke nuna tashin jirage suka ɗauke lokaci ɗaya. Na'urorin ma'aikata ma suka tsaya. Ka ga manyan mutane da kwat suna rubuta tikiti da biro, layi ya yi tsawo har ya naɗe kansa. Kwanakin da muka ware duk a kan kujerun wurin nan suka ƙare. Ni ina ta aika wa mijin Auta saƙo, ina kuma amsa masu tambayar kuɗin zanin gado, don ciniki ba ya san kana cikin wahala. Wurin caji kuwa duk an kama, kuma ko da na samu, bakin cajata bai shiga ramin nasu ba. Saƙon ƙarshe da na tura shi ne, "Mun shiga jirgi." Daga nan wayar ta mutu.

Ashe jirgin ba garin su Auta zai kai mu ba. Wani gari ya sauke mu a cikin ƙasar, babu akwatunanmu, aka zuba mu a babbar mota aka ce ita za ta ƙarasa da mu. Muka isa tashar motar garinsu da safe, ranar da za a yi aikin da yamma. Mijin Auta kuwa, bawan Allah, yana can filin jirgi yana leƙa fuskar duk mai ɗankwali.

Sanyi ake yi irin wanda ke shiga haƙori. Na ja Yaya muka shiga wani shagon gyaran waya a cikin tashar. Mai shagon ya jona wayata, ta kawo haske, na ce alhamdu lillahi. Sai ta tsaya a nan, wani ɗan zobe na ta juyawa a fuskarta, bayanta ya ɗau zafi. Ya danna nan, ya danna can, ya girgiza kai, ya nuna min da hannu cewa sai an kwana biyu. Turancina bai yi min rana ba, don ba shi ne yaren ƙasar ba. Ya ji tausayinmu ya ba ni na'urarsa in shiga saƙonnina. Na shiga, sai aka ce an tura min lambar sirri a wayata. Wayar da ke kwance a gabana kamar gawa.

Ya miƙo min tasa wayar, alamar in kira wani. Lamba biyu ce kawai a kaina duk duniya, tawa da ta marigayi mijina. Na juya na ce, "Yaya, faɗo lambarki mu kira shago."

Ta ce, "Ina na san ta? Na taɓa kiran kaina ne?"

Na tambayi mai shagon asibitin haihuwa, ina zana ciki da hannu. Ya buɗe taswirar garin ya nuna min. Asibitoci ne birjik, ko ina ka duba ga ɗaya. Ni kuma sunan namu ko harafin farko ban riƙe ba, don ban ga dalilin wahalar da kaina ba tunda yana cikin waya.

Abin da ya rage mana shi ne takardar gayyatar da aka yi mana biza da ita, kuma adireshin tsohon gidansu ne a jiki. Muka nuna wa mai tasi ya kai mu. Dogon bene ne, ƙofarsa a kulle, ga maɓallai jere da sunaye. Na danna su kaf, ɗaya bayan ɗaya, ina kiran sunan Auta. Wasu suka yi magana suka kashe, wasu ko tari. Wani dattijo ya fito da karensa, na nuna masa takardar, ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Ni dai a nan ƙarfina ya ƙare. Na zauna a kan dakalin ƙofar na fashe da kuka, ina tsine wa waya da wanda ya ƙera ta, da jirgi, da akwati, da duk wanda ya ce duniya ta ci gaba.

Yaya ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Rediyo, kin gama? Tashi. Yarinyar nan ta daɗe a unguwar nan, kuma ta gaya min masu kitsonta na nan ba su bar ta ba, har sabon gidan suke bin ta. Kan da ta kama yana nan yana yawo. Mu je mu nemo shi."

Na ce, "Yaya, gari guda za mu bi muna duba kan mutane?"

Ta ce, "Ke ki duba waya, ni in duba kai. Taki ta mutu."

Sai na bi ta. Muka gangara titin, tana gaba ina baya, ita da ba ta san ko sunan titin ba. Can muka ga wani shago da kawunan roba a jere a taga, ga man gashi ga mataji kala-kala. Ta ce duk mai kitson unguwar nan a nan take sayayya. Mai shagon namiji ne, sunan Auta bai ce masa komai ba, kuma hotonta yana cikin gawar wayata. Muka fito muka zauna a bencin masu jiran mota da ke gaban shagon, Yaya ta kafa ido.

Mata masu irin gashinmu suna wucewa, ba laifi. Matsalar ita ce sanyi ya sa kowa ta ƙwama hula har kunne. 'Yan kaɗan da suka bar kai a buɗe, kallo ɗaya Yaya take musu. "Wannan mai hannun dama ce ta yi." Wata ta wuce. "Wannan an ja mata goshi, Allah Ya isar mata." Wata kuma. "Wannan hular gashi ce." Rana tana ta tafiya, ni ina kallon inuwar benen tana matsowa. Yatsun ƙafata sun daina jin komai.

Sai ta miƙe ta ce, "Zaman banza muke yi. Mu nemi inda ɗumi yake, a can ake cire hula."

Kusa da shagon akwai wani wurin wanki, irin wanda injina ke jere a bango, kowa ya zuba kayansa ya zauna jira. Tagar duk ta yi gumi saboda zafin ciki. Muka shiga, ƙamshin sabulu ya buge mu. Gaskiyar Yaya, duk wadda ta shigo sai ta zare hula ta cusa a aljihu. Muka samu kujera kusa da ƙofa muka zauna kamar masu jiran wanki, alhali ko hankici ba mu da shi. Wani tsoho na gefe yana karanta jarida yana satar kallonmu.

Mun ɗan jima sai wata doguwar mata ta shigo da kwandon kaya, ta ajiye, ta zare hularta. Kitson ya kwana biyu, har ya fara tashi. Ni ban ga komai a ciki ba. Amma na ji Yaya ta ja numfashi. Ta tashi a hankali, ta zagaya bayan matar, ta leƙa ta hagu. Matar ta juyo a firgice ta rungume jakarta, ta yi wata magana da ƙarfi. Da gaskiyarta, ko ni ce baƙuwa ta zo tana shinshina min ƙeya ai sai inda ƙarfina ya ƙare.

Hannu kawai Yaya ta miƙo ta fizge min ɗankwali.

Ni da jikoki, a gaban tsoho mai jarida, a ƙasar mutane, kaina a waje. Na buɗe baki zan yi masifa, ta kama haɓata ta juya ni kamar akuyar da ake tayawa a kasuwa, ta lanƙwasa kunnena na hagu, ta nuna wa matar. Sannan ta nuna kunnen matar.

Doguwar ta tsaya. Ta kai hannu bayan kunnenta ta shafa ɗan siririn kitson da ke wurin, ta matso ta duba nawa, ta sake shafa nata. Yaya ta zana babban ciki a gabanta da hannu biyu, ta yi kamar tana jijjiga jariri, sannan ta dafa ƙirjinta. Sai matar ta ambaci sunan Auta. Ta karya shi ta murɗe shi irin na harshensu, amma wallahi ban taɓa jin sunan ya yi daɗi kamar ranar ba. Ta ajiye jakar ta kama hannuwan Yaya tana juya su tana kallo, idonta ya ciko.

Ta zaro wayarta ta kira Auta, a kashe. Lambar mijin ba ta da ita. Ta san sabon gidan, amma ta nuna mana da hannu cewa ba kowa a can. Ba ta tsaya ba, ta shiga kiran ƙawayenta, waɗanda duk a hannun Auta suke kitso. Wannan ta ce a tambayi waccan, waccan ta ce a kira wata. Ba ma jin abin da ake faɗa, sunan Auta kawai muke tsinta yana ta maimaituwa. A ƙarshe aka dace da wata mai aiki a kicin ɗin wani asibiti, wadda ta ce ta gan ta a ɗakin masu jiran haihuwa da ta je kai abinci.

Baiwar Allah nan ko wankinta ba ta zuba ba. Ta tura kwandon ƙarƙashin tebur, ta ce wa tsoho mai jarida wani abu, ta ja mu zuwa wata 'yar ƙaramar mota cike da kayan wasan yara. Har yau ban san sunanta ba, Doguwa muke ce mata, kuma kullum tana cikin addu'ata. Hanya ta cushe, kowace fitila ja take ba mu. Na waiga na ga Yaya ta tufke bakin mayafinta tun daga wannan gefe har wancan.

A ƙofar asibitin mutane na ta shige da fice, ba mu san wa za mu nema ba. Sai wata gajeriya mai farar riga da ragar rufe gashi ta tsaya a gabanmu, ta ɗage ragar ta gefen hagu, ta lanƙwasa kunnenta. Yaya ta duba ta gyaɗa kai, kamar ma'aikacin da ke duba fasfo. Matar ta bi da mu ta wata ƙofar baya, muka wuce tukwane da kekunan abinci, muka shiga lif ɗin ma'aikata.

Muna fitowa na hango su a ƙarshen barandar. Har an ɗora Auta a gadon turawa, an sa mata rigar asibiti da 'yar hular takarda, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Mijinta na gefe, ya dawo daga filin jirgi hannu rabbana, idonsa jawur. Ma'aikatan jinya biyu sun kama gadon za su tura. Ita kuwa fuskarta na kallon bango, ta daina ko kuka.

Yaya ta ƙarasa bakin gadon, da tafiyarta ta kullum, ta tsaya ta ce, "Kin wanke kan?"

Auta ta juyo. Ta kalli uwarta. Ta ce, "Na wanke, Umma. Tun shekaranjiya."

Yaya ta ɗaga hular takardar. Gashin yana nan a tsefe, ya cika ya yi tsaye. Daga baya mijin ya gaya mana cewa ma'aikatan sun so su tufke mata shi, ta hana.

Babbar ma'aikaciyar ta nuna agogon bango. Mijin ya shiga roƙonta da yarensu, ta dube shi, ta dubi tsohuwar da ke tsaye da takalmin roba a cikin wannan sanyi, sai ta matse yatsu biyu, alamar kaɗan. Ta kuma matsa wa Yaya maganin wanke hannu a tafi. Kibiyar kitson Yaya da matajinta suna cikin akwatin da ya ɓata. Ta juya kan Auta ta kwantar da shi a gefen dama, ta lanƙwasa kunnen hagu, ta tsaga gashin da farcenta. Abin da ta saba yi a ƙarshe shi ta fara yi ranar. Ta kai ƙarshe ta lanƙwasa jelar ta soke, ta mayar da hular.

Auta ta kama mata hannu ta ce, "Umma, tsoro nake ji."

Yaya ta ce, "Na sani. Amma kin taɓa ganin na bar kai rabi? Na fara ke nan. Je ki ki dawo in ƙarasa."

Aka tura gadon, ƙofar ta rufe. Muka zauna a kan wasu kujerun roba, ni da ita da mijin. Na saci kallonta, sai na ga hannuwanta biyu a kan gwiwa, a buɗe, ba sa tufka komai. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba, kuma ya fi komai tsorata ni a tafiyar nan. Na ɗora hannuna a kan nata, ta bar shi. Ni ma ranar Rediyo ta yi shiru.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Ƙofar dai ta buɗe, babbar ma'aikaciyar nan ta fito ta yi wa mijin magana, sai na ga ya zame daga kujera ya kai goshinsa ƙasa. Ya ɗago yana dariya yana hawaye ya ce, "Umma, mace ce. Duk su biyun lafiya." Yaya ta ce, "Madalla." Ta tashi ta tambayi inda bayi yake, ta shiga ta rufe ƙofa. Wannan karon ma ta daɗe, amma da ta fito sai ta ce yunwa take ji.

An gyara wayata daga baya, kuma saƙon farko da ya shigo na wata ce tana tambaya ko akwai zanin gado ruwan toka. Akwatunan ma sun iso bayan mun gama shan wahalar rashinsu. Lambar Auta kuwa yanzu ko cikin barci aka tashe ni zan karanto ta, har da ta Yaya, tunda mai ita ta ce har gobe ba ta ga amfanin haddace ta ba.

Kitson dai Yaya ba ta jira akwati ba. Ranar da Auta ta iya jingina da matashi, ta aro mataji wurin gajeriyar nan ta kicin, ta hau gefen gadon ta zauna. Jaririyar na hannuna, gashi cike da kanta har goshi. Doguwa ta zo barka da wasu mata uku, duk suka tsaya suna kallon hannun da ya koyar da hannun da ke musu kitso. Yaya tana yi tana mita ƙasa-ƙasa, wai gashin ya bushe, wai shekara nawa ba a ba shi mai yadda ya kamata ba. Auta ta lumshe ido tana murmushi, kafin a kai rabi barci ya ɗauke ta. Yaya ba ta tashe ta ba, ta bi a hankali har ta gama kan tsaf. Da ta zo bayan kunnen hagu sai ta shafa ɗan rakiyar da babban yatsa ta bar shi yadda yake, ta ce wannan an riga an yi.